Ɗakin da Haladu Mai Famfo Bai Shiga Ba

Shekara ashirin da shida na yi a gidan Haladu Mai Famfo ban taɓa kiran sunansa ba. Malam nake ce masa, ko da yake karatunsa bai wuce izu biyu ba. Yanzu ƙasa ta rufe shi, ni kuma haƙorana sun zube, don haka zan faɗi sunan son raina, wanda ya ga rashin kunya ya gani. Ni na san abin da kunya ta yi mana a gidan nan.

Sunana Sakinatu. A nan Sabo ta Ibadan aka haife ni, Yarabanci a bakina kamar Hausa. Shi kuwa baƙo ne. Daga wani ƙauye bayan Bichi ya taso yana da shekara ashirin da 'yan kai, ya biyo koren shanu a ƙafa har Kurmi. Ya iso ƙafafu a kumbure, ya rantse ba zai ƙara bin bayan saniya ba ko da za a ba shi ita kyauta. Sai ya sami garwa biyu da sanda ya shiga ga-ruwa. A wajen ɗiban ruwa ne ya haɗu da wani Ibo mai gyaran famfo, Oga Silbanus, mai rumfa a unguwar Mokola. Ran nan Oga yana fama da bututu shi kaɗai, Haladu ya ajiye garwarsa ya riƙe masa ɗaya gefen, ba wanda ya sa shi. Daga wannan riƙon bai koma ga garwa ba. Shekara tara ya yi yana ɗaukar akwatin Oga, yana haƙa, yana kallo.

Aikin nasu ba ɗaure bututu ba ne mai wuya, gano inda ruwa yake zurarewa shi ne aikin. Famfon da ke ɗiga a baki kowa ya gan shi, a kwance kai a sake wosha, 'yar robar da ke ciki, shi ke nan. Wanda ya fashe a ƙarƙashin ƙasa shi ke sa mutum furfura. Oga yana da wata sandar ƙarfe, tsawonta ya kai ƙirji, an sa mata kan katako mai faɗi. Sai a rufe duk famfunan gida, a kafa bakin sandar a ƙasa ko a jikin bututu, a ɗora kunne a kan katakon, a rufe ido. In ruwa na fita wani wuri, za a ji shi yana huci can ƙasa-ƙasa. Haladu ya fi ubangidansa kunne, Oga da kansa yake faɗa. Ban da kunne akwai ido. Ciyawar da ta yi kore ita kaɗai a tsakiyar rani, layin kiyashi a gindin bango, fenti da ya kumbura yana ɓarewa, farin gishiri-gishiri a jikin siminti, duk ba ya wuce su. In laima daga sama ta sauko, kwanon rufi ne ko indararo. In daga ƙasa ta hau, bututu ne. In ya rasa takamaiman wurin, sai ya ce a ba shi toka daga murhu, ya barbaɗa a ƙasa ya tsuguna yana jira, inda ta fara yin baƙi nan zai sa diga.

Mutum ne mara magana, mai yawan hamma. Ban taɓa ganin ya dawo gida da busasshen wando ba.

Shekarar da aka yi ta kashe-kashe a Arewa, Ibo suka fara haɗa kaya har a nan Ibadan. Mu ma a Sabo ba mu san inda za ta faɗa ba, wasu sun kwashe iyali sun tura gida. Wata safiya Oga Silbanus ya zo ƙofar gidanmu da akwatin aikinsa a ka da sandar a hannu. Ya ajiye, ya ce da Hausarsa mai karkacewa, "Haladu, riƙe mini. Wata uku ina dawo." Ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba. Har Haladu ya mutu bai taɓa cewa akwatina ba, akwatin Oga yake cewa.

Da yaƙin basasa ya ɓarke, aikin Sabo kaf da rabin Mokola ya faɗo a kansa. Kayan gyara suka ɓace daga kantuna. Wosha sai ya yanka daga tsohon takalmi, ƙaramin huji ya naɗe shi da robar tayar keke ya ɗaure da waya, ya dawo bayan wata biyu ya sake naɗewa. Ga shi ruwan ma an fara auna mana shi: a sako shi wajen asuba, kafin hantsi ya ɗaga an ɗauke. Bututun da babu ruwa a ciki kuwa ba ya huci. Saboda haka da an sallame sallar asuba Haladu zai saɓi akwati ya fita da gudu-gudu, gida biyar, gida shida, kafin a ɗauke. Sauran yinin haƙa ne da cikewa. Ya dawo la'asar sakaliya ya zube a bakin ƙofa, wani lokaci da lomar tuwo a hannu barci yake kwashe shi.

A gidan Alhaji Maikuɗi muke zaune, fataken goro ke sauka a wajensa, mu kuma muna ɓangaren baya da wasu iyalai uku, famfo ɗaya a tsakar gida. Mahaifiyar Haladu, Inna Ashatu, tana tare da mu. Ya ɗauko ta daga ƙauye bayan rasuwar mahaifinsa, Alhaji ya sa aka tayar mata da ɗan ɗaki a lungu tsakanin bangon zaure da madafa, aka shafe ƙasan da siminti shafal-shafal. Ɗakin bai fi a shimfiɗa tabarma ɗaya a jera kwalla da akwati a gefe ba. An kawo mata gadon ƙarfe ta ce a fitar, ita ba ta kwana a sama kamar kaza.

To ga inda abin yake. Haladu ɗan fari ne. Mutanen ƙauyensu kuwa ba sa wasa da wannan. Tun da aka yaye shi goggonsa ta ɗauke shi, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta karɓar abu daga hannunsa. "Wancan" take ce masa, in ta so sakin fuska ta ce "mijinki". Shi ma bai taɓa ɗaga asabarin ɗakinta ba. Kullum da safe zai tsaya taku biyu daga ƙofar, ya durƙusa, ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" Daga ciki a ce, "Lafiya." Shi ke nan hirar uwa da ɗa ta yini guda. Wanda yake shiga ɗakin ya miƙe ƙafa a tabarmarta har ya sa hannu a kwanonta shi ne ƙaninsa, Ɗan'auta, ƙaton direban mota. Shi kuma da aka fara ɗiban soja ya ajiye mota ya tafi.

Cikin azumin farko na yaƙi abin ya fara. Na fito bayan sallar asuba na ga Inna a bayan madafa tana wanke tabarma, tana yi tana waige.

Na ce, "Inna, kawo in wanke mana."

Ta ce, "Bar shi. Buta ce ta kife."

Washegari buta ta sake kifewa. Rana ta uku na ga har da zaninta na kwana a cikin bokiti. Na tsuguna na kama ɗaya gefen tabarmar. Sai ta riƙe mini wuyan hannu, tsohuwar da ba ta taɓa taɓa ni ba, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "'Yar nan, tsufa ya zo mini ta inda ban zata ba. Kullum na farka sai in ji ni a jiƙe, ban san lokacin da yake zubowa ba. Ki rufa mini asiri, Allah ya rufa miki. Kada wancan ya ji."

Na ce, "Wallahi ba zai ji ba, Inna."

Na riƙe wannan alkawari da kyau, Allah ya yafe mini. Har ina jin daɗin kaina, wai ni surukar kirki. Ina tashi kafin sauran matan gidan in taya ta wanki, in shanya tabarmar a igiya ta can ƙurya, ita kuma ta goge ƙasan ɗakin da tsumma ta turara shi da turaren wuta har hayaƙi ya hana shiga. Da rana komai ya bushe, da yamma a mayar da tabarma inda take. Ban taɓa jin zarni ba. Ko sau ɗaya. Ban kuma taɓa tambayar kaina dalili ba, na ɗauka turaren ne da saurin wankinmu. Matar mai gyaran famfo ke nan fa, wadda take jin zancen laima dare da rana.

Da aka yi salla kowa ya ajiye azumi, Inna ba ta ajiye ba. Ta ce sitta shawwal. Ta gama ta ce Litinin da Alhamis. Daga nan ta daina ba da dalili, kullum dai da azumi take. In rana ta faɗi ta ci dabino ɗaya, ta yi kurɓi uku na ruwa, ta ture moɗar. Kunu ba ta sha, fura ba ta sha, miya in ta yi ruwa-ruwa ta bar ta. Lissafinta shi ne in ba abin da ya shiga, ba abin da zai fita. Ta daina salla a ɗaki, ta ce ɗakin ba tsarki, sai ta shimfiɗa buzu a bakin ƙofa. Duk da haka zuciyarta ba ta kwanta ba, ta idar ta sake tayarwa, wai ko akwai saura a jikinta ba ta sani ba. Da ta tambayi kowane malami a Sabo da ya gaya mata mai lalura an yi masa sauƙi. Amma da wane baki za ta tambaya?

A daidai wannan lokacin famfon tsakar gidanmu ya fara sanyi. Da can kafin ka juya bokiti ya cika, yanzu sai ya riƙa zuba siriri, mata huɗu a layi, a ɗauke ruwa ta ƙarshe ba ta samu ba. Amariya, matar ɗakin da ke kallon namu, ba ta da birki a baki. Kullum sai ta ɗaga murya yadda zan ji: "Oh, mu dai mun ga ta kanmu. Muna kwana gida ɗaya da mai famfo muna wanka da moɗa biyu." Alhaji ma ya tare Haladu a zaure ya ce, "Mai Famfo, ka gyara na Yarabawa ka gyara na Sabo, na gidanka sai yaushe?"

Abin ya ci masa rai. Safiya uku ya hana kansa fita. Ya rufe famfon, ya roƙi mata su yi shiru, ya bi layin da sandar Oga tun daga bakin titi, ta zaure, har tsakar gida. Ya ce yana jin huci, amma daga nesa, kamar ba a kan layin da ya sani ba. Gidan tsoho ne, an ja masa ruwa tun kafin ya zo Ibadan, an yi ta ƙara ɗakuna, ba mai iya cewa ga ta inda bututu ya bi. Ya haƙa wuri biyu a tsakar gida ya tarar da busasshiyar ƙasa, ya cike. Ina kallonsa yana matsawa da sandar taku-taku, kunne a katako, ido a rufe, har ya kai taku biyu daga asabarin Inna. Nan ya buɗe ido, ya ga inda yake, ya durƙusa ya gaishe ta, ya juya.

Da yammar ranar yana zaune yana murza ƙafa, ya dubi igiya ya ce, "Sakina, tabarmar nan kullum a shanye?"

Na ce, "Ka san tsofaffi da tsabta."

Ya ce, "Ɗakin nata ba ya laima dai ko?"

Na ce, "Ƙalau yake. Ni nake share shi."

Kun ji. Mutumin ya yi tambayar da ta dace, ga wadda ta dace, ni kuma na ɗauka asirin tsohuwa yake shirin tonowa, na tare ƙofa da ƙarya. Har na ƙara da faɗa, na ce ya bar ɗakin mutane ya je ya nemi yoyonsa a titi. Ya ce to. Bai ƙara tambaya ba, washegari ya saɓi akwati ya koma gidajen mutane.

Zafin bazara ya shigo, irin na Ibadan mai sa mutum ya jiƙe yana zaune. Inna ta bushe a tsaye. Leɓɓanta suka tsage, idanu suka faɗa, in ka ja fatar hannunta sai ta tsaya a tsuke ba ta koma ba. Ran nan haƙurina ya ƙare, na shiga da kwanon sha cike na dire a gabanta na ce, "Inna, kashe kanki za ki yi? Wallahi yau sai kin sha, in ya so in yi ta wanki har hannuna ya tsage!"

Ta dube ni ba fushi, ta ce, "Ko ban sha ba yana zuwa, 'yar nan. Jiya kurɓi biyu na yi, na tashi sharkaf. To in na sha wannan fa?"

Na ɗauki kwanona na fita ina ƙunƙuni. Haladu yana ganin ramarta daga nesa, yana sayo mata lemo da kankana ya ba ni in kai, ni kuma in dawo da su in ce ta ci rabi. Ya ce ko kewar Ɗan'auta ce, don wata biyar ba wasiƙa. Na ce ita ce.

Wata Laraba tana sallar azahar a kan buzunta ta yi ruku'u ba ta ɗago ba, ta kife gefe guda. Aka sa ta a motar Alhaji aka kai asibiti. Ko'ina sojoji ne masu rauni, da ƙyar aka samar mata gado a ɓangaren mata. Wata nas Bayarabiya ta duba ta, ta ja fatar hannun, ta juyo ta tambaye ni da Yarabanci wa ya hana tsohuwar nan ruwa. Ta ce jikinta ba ɗigo, ƙodarta ta gaji. Irin kallon da ta yi mini har yau ina jinsa. Aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Amariya, duk da bakinta, ita ta ce in koma gida wajen yara, za ta kwana da ita.

Kafin mu tafi asibiti ni da hannuna na ɗauko tabarmar daga igiya, busasshiya ƙamas, na shimfiɗa a ɗakin na ja asabari. Washegari bayan asuba, Haladu ya riga ya fita don akwai gidan da ruwa ke cin bangonsu, na shiga ɗakin in ɗauko wa Inna zani da carbi. Ina taka tabarmar na ji sanyi a tafin ƙafata.

Na tsaya. Na sake takawa. Ruwa ya tsattsafo tsakanin yatsuna. Na durƙusa na shafa, na kai hanci, ba warin komai, ruwa ne garau mai sanyi. Ba wanda ya kwana a ɗakin nan. Na ɗaga tabarmar, ga wata 'yar tsaga a siminti siririya kamar zare, daidai inda ƙugun mutum yake sauka in ya kwanta, tana ta tsattsafo da ruwa a hankali.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san na fita titi ba mayafi ba sai da wata mai ƙosai ta jefo mini nata. Na same shi a gida na huɗu, a lungun mahauta, ya kafa sanda ya rufe ido. Na fizge sandar. Mutane na kallo, ni ko a jikina. Na ce, "Malam, ɗakin Inna ne. Yoyon yana ɗakin Inna. Na yi maka ƙarya." A hanya na gaya masa sauran, ina haki ina kuka, tabarma, azumi, kurɓi uku, alkawari, duka.

Da muka iso ya tsaya a taku biyun nan nasa kamar an ɗaure masa ƙafa. Na ce, "Shiga mana, ba ta ciki! Yanzu za a ɗauke ruwa!" Ya cire takalmi. Ya yi sallama, ɗakin da ba kowa. Sannan ya sunkuya ya ɗaga asabarin, karo na farko tun da aka gina ɗakin.

Bai ma buƙaci sandar ba, amma ya kafa ta, ya ɗora kunne, ya ɗauke nan da nan. Ya ce in kawo toka. Na kwaso a murhu, ya goge ƙasan ya barbaɗa, muka tsuguna. Kafin a ƙirga ashirin wani baƙin layi ya fito a cikin tokar, ya miƙe daga gindin bangon zaure ya ratsa tsakiyar makwancin Inna. Ya ɗauki guduma ya fasa simintin, ɓawo ne kawai, ya sa hannu yana yaye jar laka. Ko kamu biyu bai yi ba ya taɓa shi. Tsohon bututu ne da ya kewayo ta lungun tun lungun yana fili, aka zo aka ɗora ɗaki a kansa ba wanda ya sani. Tsatsa ta cinye shi. Ya kankare da babban yatsa, sai ruwa ya yi tsiri ya fesa masa a fuska. Hujin bai kai ƙwayar gero ba.

Ya zauna daɓas a cikin lakar, ruwan na dukan ƙirjinsa, bai kauce ba. Ya ce, "Wata nawa?"

Na ce, "Huɗu."

Na so ya zage ni. Wallahi na so ya ɗaga hannu ya mare ni, da na sami sauƙi. Bai yi ba. Ya tashi ya fita titi ya rufe makullin ruwan gidan, ya dawo ya buɗe akwatin Oga, ya zaro wani ƙullin tsumma daga can ƙasa. Guntun sabon bututu ne da mahaɗi biyu, na ƙarshe da suka rage, waɗanda ya hana manyan alhazai yana naɗa musu roba. Ya yanke ruɓaɓɓen da zarton ƙarfe, ya fitar da zare a bakunan, ya naɗa rama ya shafa fenti, ya ɗaure. Bai yi sauri ba. Da ya gama ya wanke guntun da ya yanke, ya sa a aljihu, ya ce, "Mu je."

Inna tana farke, idonta biyu, robar ƙarin ruwa a hannu. Da ta ga wanda ke bayana sai ta juya fuska bango ta ja mayafi. Shi kuma ya durƙusa a ƙarshen gadon yana kallon ƙasa. Ya miƙo mini guntun bututun ya ce, "Ki nuna mata. Ki ce mata a ƙarƙashin tabarmarta yake. Ki ce da asuba ake sako ruwa, shi ya sa."

Na faɗa mata. Ba ta motsa ba. Na ga magana ba za ta yi ba, sai na toshe ƙarshen bututun da tafin hannu, na ce Amariya ta tsiyaya ruwan buta ta sama. Na kai shi saitin hannun Inna. Ɗigo ya taru a hujin, ya faɗo a bayan hannunta. Wani ya sake faɗowa.

Ta juyo a hankali tana kallon hannun. Ta ce, "Ba ni ba ce?"

"Ba ke ba ce, Inna. Yau ba ki kwana a ɗakin ba, na tarar da tabarmar a jiƙe."

"Tun azumi?"

"Tun azumi."

Fuskarta ta yamutse irin ta mai kuka, amma ba hawayen da zai fito. Can ta ce, "Ashe da tsarkina." Ta sake faɗa, ita da kanta. Sannan ta lashi leɓe ta ce, "Ki ce da wancan ya ba ni ruwa."

Na ɗauki kofi zan zuba, ta ce, "Shi na ce."

Haladu ya miƙe. Mutumin da yake ɗaure mahaɗi a cikin rami ido a rufe, ran nan rabin ruwan a ƙasa ya zubar kafin kofi ya cika. Ya matso, ya kai mata baki. Ba ta dube shi ba, amma ta ɗago hannu ta riƙe wuyan hannunsa don kofin ya daina rawa, ta shanye tas. Ta ce a ƙara. Ya ƙara.

Kwana tara ta yi tana sha, kuma daga hannunsa kawai. Ya bar aiki, Sabo ta yi ta yoyo, masu aike suna zuwa suna komawa. Amma ƙodar ta riga ta tafi. Ruwan yana shiga ba ya fita, ƙafafunta suka kumbura, rana ta goma da asuba ta cika.

Ya yi shekara goma sha huɗu bayanta yana wannan aiki, da gajiyarsa da jiƙaƙƙen wandonsa. Abu ɗaya ya sauya. Duk gidan da aka kira shi, kafin ya taɓa famfo sai ya dubi igiyar shanya. Kuma ya koya mini sandar Oga, in an zo ɗakin da namiji ba ya shiga, ɗakin matan kulle ko na mai takaba ko na tsohuwa, ni nake shiga in ɗaga tabarma in shafa ƙasa, ko masu gida sun so ko sun ƙi. An sha ce mini mara kunya, na ce na gode. Da Ɗan'auta ya dawo bayan yaƙi ya tambayi abin da ya kashe Inna, Haladu ya ce tsufa ne, ya dube ni don kada in ƙara. Bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya koma ga Allah, ni kuwa ban yi yini guda ban tayar wa kaina da ita ba.

Safiyar da aka kawo gawarta gida ba a riga an ɗauke ruwa ba. Mata suka ce in tari na wankan gawa. Na ɗauki bokiti na kafa a famfon tsakar gida na murɗa, ruwa ya fito da ƙarfinsa na da, har yana fantsama a ƙafata. Kafin in gyara ɗaurin zanina bokitin ya cika yana zuba. Haladu yana durƙushe taku biyu daga ƙofar ɗakin, ya ce, "Sakina, rufe famfon nan." Na rufe, na ɗauki bokitin na shiga da shi.